Karatun Tuƙin da Dillali Ya Taya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wannan taro, Sarkin Fawa Alhaji Hamadu, Allah ya ja zamaninka. Mai girma wakilin magajin gari, wanda ya baro sanyin ofis ya zo ya sha zafin Garwa tare da mu. Malam liman, Allah ya gafarta. Jauron unguwarmu, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, dattawan tike, kasuwarmu ta shanu, 'yan kwamitin mota su bakwai da babu ɗayansu da ya taɓa tuƙa ko da amalanke, mahauta da dillalai da masu tsire, 'yan'uwana mata da aka jera can baya kusa da tukwane, da sauran jama'ar da ta zo don Allah da wadda ta zo don nama, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kaltumi mai tuwo ta bakin tashar manyan motoci, matar marigayi Mahmudu mahauci, uwar Hayatu, saurayin nan da kuke gani cikin sabon farin yadi, wanda ƙungiyarmu ta zaɓa ya zama direban kamiyonta, wato babbar motar kayan da muka saya. A takardar tsarin taro an ba ni minti biyar da aiki uku: in yi godiya a madadin mata, in karɓi makulli daga hannun Sarki in miƙa wa ɗana, sannan in rangaɗa guɗa. Makulli ga shi na karɓa. Godiya yanzu zan yi ta. Guɗa kuwa mu bari tukuna mu gani.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Tun da aka karya darajar sefa masu motocin haya suke yanka mu yadda muke yanka shanu, kowane lodi zuwa jirgin ƙasa na Ngawundere sai sun ƙara, in mun yi magana su ce tsadar man gazuwal ce. Shekara uku maza suna zubi, mata suna zubi, har mai sayar da ƙafar saniya ta ba da nata, yau ga mota tamu ta kanmu. Wannan abin alfahari ne, kuma na faɗe shi da zuciya ɗaya.

Ina godiya ga Eugène, direban da ya tuƙo mana ita daga Duwala kwana huɗu ba tare da ko fitila ɗaya ta fashe ba, ga shi can a tsaye don ba a tanadar masa kujera ba. Ina godiya ga kwamiti da ya umarce shi ya kafa hancinta a jikin katangar mayanka, domin rubutun bayanta ya fuskanci jama'a, aka kuma kafa rumfar manyan baƙi daidai bayanta don kowa ya karanta sunan ƙungiya ya ji daɗi. Tsari ya yi kyau ƙwarai, zan dawo kansa. Ina kuma godiya da aka tuna da maraya. Wannan ma zan dawo kansa.

Ya ku jama'a, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma shekara talatin da ɗaya ina zuba wa direbobi tuwo, kowane direba da kwanonsa a rumfata, ba na haɗa na wani da na wani. Wanda ya taɓa zama a rumfar ya ɗaga kai ya ga kwano bakwai a kife a saman kara. Masu su sun ci, sun wanke hannu, sun ce sai mun dawo, suka kama hanyar Ngawundere. Shida daga cikinsu a falez aka kwaso su, dutsen nan da ke gaba da Mbe, inda hanya take nannaɗewa tana hawa sama. Da izinin waɗannan kwanuka nake magana, ba da izinin ilimin boko ba.

Magana ta farko ita ce hanyoyin da ke gabanmu ranar da aka ce Hayatu zai koyi tuƙin babbar mota. Uku ne, kuma duk Garwa ta san su.

Akwai makarantar Madam Odette. Wata uku, sefa dubu ɗari da tamanin, tana da tsohon kamiyo na gaske mai tayoyi goma, ana ɗora masa buhunan yashi a kai ɗalibi bayan gari ya yi ta hawa da sauka har gumi ya jiƙa masa wando. Akwai hanyar da iyayen direbobin nan suka bi, wato mutum ya bi ƙwararren direba shekara biyu, ya wanke mota, ya ɗaure tanti, ya sa wa taya katako a kan gangara, ya zauna gefe yana kallon hannu da ƙafa har ranar da za a ce masa matso ka riƙe. Eugène da bakinsa ya ce a ba shi Hayatu, ko dala ba ya so, saboda ya ci naman Mahmudu bai taɓa samun ƙashi a ƙasan takarda ba. Sannan akwai makarantar Maurice, wadda take ƙarƙashin bishiyar darbejiya kusa da filin ƙwallo, mai allo ɗaya, benci biyu, da wata 'yar mota da in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tura.

Kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya yi nazari mai zurfi, ya ce wannan magana ce ta ciniki, ciniki kuwa ba a tura kowa sai gwani. Aka tura Ɗanmalam dillali.

Ɗanmalam, kada ka sunkuyar da kai, yabonka zan yi. Duk tiken Adumri da na Ngong babu wanda ya kai ka sanin saniya. Kana duban tafiyarta ka faɗi nauyinta, kana taɓa tozonta ka faɗi ciyawar da ta ci. Laifin ba naka ba ne, na waɗanda suka ɗauka cewa duk abin da ake biya wa kuɗi saniya ne.

Wannan ita ce magana ta biyu, yadda aka yi cinikin. Ɗanmalam ya isa wurin Madam Odette da sandarsa a kafaɗa. Ya kewaya kamiyon koyon sau uku. Ya danna taya da babban yatsa. Ya sa aka buɗe masa gaban mota ya leƙa ciki kamar mai duba haƙori, ya girgiza kai ya ce ta tsufa. Sannan ya yi tayi, dubu saba'in. Matar ta cire tabarau ta ce masa, "Baba, nan makaranta ce." Ya ƙara biyar. Ta ce, "Baba, gazuwal ɗin da ɗanku zai ƙona ma ya fi haka." Sai ya yi abin da yake yi a tike shekara arba'in bai taɓa faɗuwa ba: ya juya ya fara tafiya a hankali, yana jiran a kira shi. Ya kai tsakar gida ba a kira shi ba. Ya kai ƙofa ba a kira shi ba. Mai gadin wurin yana cin tuwo a rumfata, shi ya ba ni labari cewa Ɗanmalam ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran takalmi har aka kira la'asar.

Na Eugène kuwa ko zama ba a yi a kansa ba. Wani ɗan kwamiti ya ce abin da aka ba ka kyauta a duba shi da kyau, don ba a kyautar da lafiyayyar saniya. Wani ya ce shekara biyu ta yi nisa, mota ba za ta zauna tana jira ba. Wani ya ce ɗan gidan fawa ba zai je yana wanke tayar wani ba, alhali da tumbin saniya muka tashe shi yana wankewa tun bai kai tsawon teburin ubansa ba. Dalili na huɗu ba wanda ya faɗa, ni zan faɗa: abin da babu kuɗi a cikinsa, babu la'ada a cikinsa.

Sai Maurice. Shi mutumin kasuwa ne, ya san yaren. Ya ce dubu casa'in, darasi talatin. Ɗanmalam ya ce arba'in. Maurice ya ce albarka. Aka ja, aka saki, Ɗanmalam ya juya zai tafi, wannan karon aka kira shi. Aka tsaya a dubu sittin, aka tafa, aka yi fatiha. Ɗanmalam ya dawo kwamiti ana ta sa masa albarka, an ce ya ceto wa ƙungiya dubu ɗari da ashirin daga bakin Madam Odette, ya kuma ƙwato talatin daga bakin Maurice. Har kan rago aka ba shi.

To, ya ku mahauta, ni abokiyar cinikinku ce ta kowace safiya, kada mu ɓoye wa juna. Idan na tsaya gaban tebur na ce kashin nan na ɗari biyar a bar mini shi ɗari uku, me kuke yi? Kuna cewa, "To Hajiya, don ke ce." Baki yana faɗin haka, gefen wuƙa yana jan tsoka ɗaya zuwa baya. Ban taɓa yin fushi ba, haka sana'ar take, kuɗinka namanka. Ku kuka koya wa garin nan wannan ilimi. Yaya aka yi ku bakwai, da dillalinku na takwas, babu wanda ya tambayi Maurice wace tsoka ya ja?

Ni na je na tambaya. Na same shi ƙarƙashin darbejiyarsa, kuma wallahi bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Mama, darasi talatin ne, kowane dubu uku. Sun biya ashirin, na ba da ashirin. Goma na farko allo ne, goma na biyu ƙaramar mota ce. Goman ƙarshe su ne nake hayar kamiyo, a koyi ribas, a koyi tashi a kan tudu da kaya, a koyi saukowa da giya ba da birki ba. Waɗannan ba su saya ba." Na ce me ya sa ba ka gaya musu ba? Ya ce, "Mama, kullum a wurinsu nake sayen nama. Sun taɓa gaya mini?"

Saboda haka ga abin da ƙungiyarmu ta saya da dubu sittin. Hayatu ya san fitilar ja da ta kore. Ya san kewaya filin ƙwallo ta hannun dama. Ya san cewa idan ya ga hoton saniya a cikin alama mai kusurwa uku, to akwai shanu a gaba. Jama'a, ɗan mahauci, jikan mahauci, aka biya kuɗi aka zaunar da shi a benci aka nuna masa hoton saniya! Permi kuwa, wato lasin tuƙi, ya fito, da hoto da hatimi da komai, ta wace ƙofa ya fito ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Takarda ba ta san an rage darasi ba. Jandarma zai duba ta ya sara masa ya ce wuce. Falez ba ta karatu.

Da na kai wannan magana gaban kwamiti makon jiya, wani dattijo da nake jin kunyarsa, ba zan kama sunansa ba, yana sanye da hula ja a layin gaba, ya ce mini, "Kaltumi, Ngawundere a gaba take. Me zai yi da ribas?" Aka yi dariya, aka ce mata akwai tsoro.

Wannan ya kawo ni magana ta uku, wato hanyar kanta. Ranar Asabar, jibi ke nan, an shirya mota za ta ɗauki shanu ashirin da biyar. Ku kun fi ni sanin cewa saniya ba buhu ba ce. Buhu inda aka ajiye shi nan yake zama. Saniya idan mota ta karkata ita ma sai ta karkata, ta ja 'yan'uwanta, nauyin duka ya koma gefe guda. Idan direba ya taka birki da ƙarfi ta gaba ta durƙusa, na baya su hau ta, kafin a tsaya a zaro wuƙa ta zama mushe. Da wannan kaya yaron da bai taɓa sauya giyar kamiyo ba zai hau falez. A tsakiyar hawa injin zai nemi ƙaramar giya, hannu zai laluba bai samu ba, mota ta mutu. A nan ne, Alhaji mai jar hula, Hayatu zai yi ribas ɗin da ka ce ba ya bukata, kuma motar ce za ta koya masa, ba tare da ta nemi dubu uku ba.

In Allah ya sa ya haye, akwai dawowa. Kwamiti mai hangen nesa ya riga ya karɓi lodin siminti daga tashar jirgi don kada mota ta dawo wayam. Duk direban da ke wurin nan ya san abin da ke faruwa ga wanda ya sauko falez da siminti yana dogara da birki: a kwanar farko birki yana ji, a ta uku yana wari, a ta biyar ƙafa tana taɓa ƙasa. Shugaban sandika, in ƙarya na yi ka tashi ka ƙaryata ni. Kun gani, bai tashi ba.

Aka ce tsada aka guje wa. Mu duba tsadar. Abin da ya raba kuɗin Madam Odette da na Maurice bai kai kuɗin bijimi ɗaya mai kyau ba. Bijimi ɗaya kuwa ga shi can a cikin tukwane, an yanka shi don wannan biki, da raguna biyu a kansa. An buga anko mai hoton kamiyo, ga shi a jikin kowa, har da ni. An ɗauko mai hoto, an ɗauko lasifika. Duk wannan ba a tura Ɗanmalam ya taya ba. Abu ɗaya tak aka ga ya cancanci ragi a cikin hidimar motar nan, shi ne ilimin wanda zai riƙe ta. Ni a sanina, mai araha shi ne wanda ka biya sau ɗaya. Wanda za ka biya yau, jibi ka sake biya da shanu ashirin da biyar da mota da likkafani, ban san sunansa ba, amma ba araha ba ne.

Magana ta huɗu gajeriya ce, kuma ita ce ta hana ni barci. Na ce zan dawo kan maraya. A cikin 'yan kwamiti bakwai, biyar suna da samari a gida da suka kai Hayatu shekaru, wasu zaune suke ba aikin komai sai gyaran gashi. Direban kamiyo aiki ne mai albashi, mai daraja. Yaya aka yi babu uba ɗaya da ya ce a ba ɗansa? Na yi ta juya wannan alheri a raina, ina neman inda zan kama shi in gode. Abin da na gano shi ne, duk yaron da aka ambata, ubansa yana zaune a wurin, ya san darasi nawa ake samu da dubu sittin. Hayatu ne kaɗai ubansa ba ya nan balle ya ce a'a. Ba na cewa kun yi da mugunta. Na san kuna ƙaunar Mahmudu, ku kuka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Amma kun yi ciniki da abin da ba naku ba, shi ya sa ragin bai yi muku zafi ba.

Shi kuwa yaron kunya ta hana shi magana. Shekaranjiya na tambaye shi, "Hayatu, tsakaninka da Allah, za ka iya?" Ya ce, "Inna, an riga an ɗinka kaya, an gaya wa mutane. In na ce ban iya ba, me za a ce da gidan Baba?" Ɗana guda ɗaya ke nan namiji, yana shirin hawa dutse don kada a yi da mahaifinsa.

Ga roƙona, a gaban Sarki da liman. A ba Eugène motar ya riƙe, a biya shi haƙƙinsa. Hayatu ya zauna gefensa, ya wanke, ya ɗaure, ya sa katako, ya kalli hannu da ƙafa. Idan damina ta sauka lodi ya ragu, ya je wurin Madam Odette ya yi karatun kamiyo cikakke, a kuɗin da ta faɗa, ba tayi, ba gyaran takalmi a bakin ƙofa. Rabin kuɗin daga tukunyata zai fito. Ranar da Eugène ya zo rumfata ya ce mini yaro ya sauko falez da hannunsa birki bai yi wari ba, ranar za ku ji guɗar da har hayin Binuwai sai an tambayi ko lafiya.

Amma ni mace ce, an ce akwai tsoro, wataƙila ni ce ban gane ba. Kwamiti ya ce yaro ya iya, takarda ta ce ya iya. To abin ba wuya. Hayatu, taso. Zo nan, ɗana. Ga makulli. Mota tana fuskantar katanga, ba ta da hanyar fita sai ta baya. Hau ka tada ta, ka ja ta baya taku ashirin kawai, ka karkatar da ita ta gefen rumfar nan ka fitar da ita bakin titi. Akwai fili, Eugène ta nan ya shigo da ita. Manyan baƙi, ina roƙon alfarma, kowa ya zauna inda yake, domin ku gane wa idonku abin da kuka saya.

Ranka ya daɗe wakilin magajin gari, ina zuwa? Bai ko taka matakala ba tukuna. Alhaji mai jar hula, a hankali, ka bar takalminka ɗaya. Ɗanmalam, kai da ka yi cinikin, ai kai ya kamata ka matso da kujerarka kusa da taya. Allah ya ja zamanin Sarki, kai ma? Malam liman kaɗai ya rage, shi ma na ga bakinsa yana motsi.

Dawo, Hayatu. Ba ni makullin. Ku koma ku zauna, jama'a, babu abin da zai motsa.

Ba sai an ɗaga hannu ba, na ga amsar kowa. Taku ashirin a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da rana tsaka, mota ba kaya, babu ɗayanku da ya yarda ya bar jikinsa a bayanta. Ni kuma kuka ba ni minti biyar in miƙa shi ga falez in yi guɗa. Ajali na Allah ne, na sani, na binne miji. Amma kwano na takwas ba da hannuna zan kife shi ba, kuma ba na Hayatu ba ne.

Eugène, matso. Ga makulli, ga yaro, amana biyu ke nan. In Sarki yana da ja, ga ni ga shi. Sarki ya gyaɗa kai, kowa ya gani, mai hoto ka ɗauka.

Allah ya sa albarka a wannan mota, ya tsare ta hawa da sauka. Allah ya tsare direbobinmu, Musulminsu da Kiristansu, ya mai da kowa ga kwanonsa. Allah ya jiƙan Mahmudu da mutum bakwai na rumfata. Allah ya ƙara wa Sarkin Fawa lafiya, don yau na ga ƙafarsa da sauranta. Allah ya ba Ɗanmalam kasuwa mai albarka, a tike. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. A zuba abinci, a fara da Eugène, a kuma ba shi kujera.

Na gode.